Shingen Mai Tumaki

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shinge yake yi. Ba na kara ba, na wayar raga, irin wadda ake kewaye gona ko garke da ita. Wayar saƙaƙƙiya ce, a naɗe take zuwa, idanunta ƙanana daga ƙasa, suna ƙara faɗi har sama. Mutanen gari Girgiza suke ce masa, ni kuwa Malam nake kiransa har ya koma ga Mahaliccinsa. Halinsa ne ya ja masa sunan, don ba ya wuce shinge bai kama dirka ya girgiza ta ba, ko na wane ne. Mun taɓa zuwa dubiya asibiti, ina gaba ina sauri kada lokaci ya ƙure, na waiwaya sai na hango mutumin nan a baya ya rungume dirkar shingen mutane yana jijjigawa, mai gadi ya saki baki yana kallonsa. Kunya kamar in nutse. Da ya iso na ce, "Malam, don Allah me ya yi zafi?" Ya ce, "Ba su yi rami ba, soka ta kawai suka yi." Ko a jikinsa, ya karkaɗe hannu muka shiga.

Ban taɓa riƙe guduma ba, amma duk wadda ta zauna da irin wannan mutum tun da ƙuruciya har furfura, dole ta iya shinge da kunne. Tsakar gidanmu rumbun kaya ne. Naɗin waya jingine da bango, dagi da diga a bayan ƙofa, ƙusoshi cike da gwangwanayen da na wanke na ajiye don amfanin kaina. Babu zanina da waya ba ta ja ba. In na yi mita sai ya ce ai wayar tana inda take, ni na je na same ta. Hannayensa kuwa ba a magana, duk zane ne da kanta, in ya shafa kan jikokinsa sai su noƙe suna dariya wai yana kankare su.

A wajen cin abinci yake karatunsa, ko ana so ko ba a so. Yakan ce shinge kusurwa ne, sandunan tsakiya rakiya kawai suke yi. In dirkar kusurwa ba ta shiga ƙasa sosai ba, ba a tokare ta yadda ya kamata ba, to ruwan farko zai kwantar da ita, sauran duk su bi. Ƙusar da ake kama waya da ita mai ƙafa biyu ce, lanƙwasasshiya, kuma shi a wurinsa babban laifi ne a buga ta har ta danne wayar. Sai an bar ɗan sarari, don waya tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi, in saniya ta jingina kuma nauyin ya rarrabu, kada ya taru wuri ɗaya ya tsinke. Haka nan 'yar lanƙwasar da masu saƙa suke bari a jikin kowane layi, ba a jan waya har ta miƙe ta ɓace. Masu gona sun fi son su ga shinge ya ɗame tsam yana ƙyalli, sababbin hannu kuma sai su biye musu. Malam yakan ce irin wannan shingen na ranar biki ne, bayan nan sai gyara.

Ƙa'ida biyu ya gada wurin ubangidansa, wanda ya koya masa sana'ar, kuma bai taɓa sassauta su ba. Ta farko, wanda ya yi aiki ba shi ke duba aikinsa ba, sai an kira wani mai sana'ar ya zagaya shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta biyu, abin da mai dubawa ya gani a gaban mai gona ake faɗinsa, ba a bayan ido ba, ba a kunne ba. Shi kansa duk shingen da ya kafa sai ya kira wani ya duba, ko da wanda ya kira ɗin bai kai shi ba. Da shekaru suka tura, sai ya zama shi ake kira. Ya ɓata da mutane da yawa ta wannan hanya, ciki har da wani amininsa da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Amma in Girgiza ya ce shinge ya yi, mai gona yakan saki dabbobinsa ya je ya yi barci.

Ɗanmu na fari, Dogo, a hannunsa ya tashi. Ranar da Dogo ya gama shingensa na farko shi kaɗai, uban ne ya je dubawa. Ya zagaya, ya dawo gaban mai gona, ya ce, "Kusurwa ta yi, ja ya yi, amma ya danne ƙusa tun daga farko har ƙarshe. Bai yi ba." Yaron nan sai da ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ya sake bugawa, hannunsa duk ya fashe. Ya daɗe ba ya cin abinci tare da uban. Ni kuwa na tayar da ƙura a ɗaka, na ce wane irin uba ne zai tozarta ɗansa a gaban bare, da ka ja shi gefe mana. Malam ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Mai gonar ne zai zauna da shingen, ba ni ba, ba ke ba." Na ji haushin amsar har na kwana biyu ina ajiye masa abinci ba magana. Dogo dai ya zama gwani, har ya tara ma'aikata ya sayi akori-kura, uban yana tare da su kullum yana sa ido yana faɗa.

Wata rana da rana tsaka ciwo ya sami Malam a bakin aiki. Yana riƙe da dagi sai ya sulale, aka kwaso shi zuwa asibiti. Likita ya ce jini ne ya hau, ya taɓa ɓarin hagu. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, hannun hagun ne ya rage ƙarfi. Akwai kuma abin da ni kaɗai na lura da shi, in na ajiye masa kofi ta hagu sai ya yi ta nema, in na mayar dama ya ɗauka. Na gaya wa likita, ya ce hakan na faruwa, a bar shi ya huta, batun aiki kuma a manta da shi. Dogo ya ɗauki maganar nan ya riƙe gam. Da safe akori-kura ba ta ƙara tsayawa a ƙofar gidanmu ba.

Zaman gida bai karɓi Malam ba. Mutumin da ya saba fita tun gari bai gama wayewa ba, sai ga shi yana bina kicin yana gaya mini wai murhuna ya karkace. Ya gyara ƙofar banɗaki da ba ta lalace ba. Ya ɗaure mini igiyar shanya ya ja ta har sai da ƙusar bango ta fita. Wata rana na ce, "Malam, ka fita ka sha iska mana, ka bar ni in yi aikina." Ya ce, "In je ina? Duk inda na sani wurin aiki ne." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ana haka sai ga Mai Tumaki. Wata dattijuwa ce a bayan unguwarmu, mijinta ya rasu ya bar mata fili a gefen gari da 'yan tumakin da take rufa wa kanta asiri da su. Karnuka sun dame ta, sun kashe mata 'yan raguna a jere, ga filin yana bakin titi. Ta zo ne a haɗa ta da Dogo. Kafin in buɗe baki Malam ya ce Dogo aiki ya yi masa yawa, shi zai yi mata. Da yamma Dogo ya zo, aka yi ta a zaure, ina jiyo su daga ciki. Dogo na cewa, "Baba, likita ya hana." Shi kuma yana cewa likita bai taɓa ganinsa yana aiki ba. Daga ƙarshe Malam ne ya kawo sharaɗin da bakinsa. Zai yi shingen shi kaɗai, Dogo ba zai taka filin ba sai an gama. In an gama Dogo ne zai duba, a gaban matar, kamar yadda aka saba. In ya yi, gobe akori-kura ta tsaya masa ya koma cikin ma'aikata. In bai yi ba, zai miƙa kayan aikinsa, ba zai ƙara tayar da maganar ba har abada.

Ni dai ban ɓoye ba, so nake kada ya yi. Na riga na ga an shigo da shi a kwance sau ɗaya, ba na son na biyu. Ko yau aka tambaye ni haka zan ce.

Direban Dogo ya kai masa kaya, ya sauke naɗin waya ɗaya a bakin ƙofar filin, ɗayan a can kusurwar baya don kada ya sha wahalar mirginawa. Daga nan aka bar shi da halinsa. Kullum da rana nakan bi 'yar hanyar ƙafa in kai masa abinci, in zauna ƙarƙashin bishiyar da ke bakin ƙofa. Abin da idona ya gani a wurin nan, Allah kaɗai ya sani. Ramin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai ya wuni a kansa. Yakan ɗaga dagi da hannun dama, na hagun yana biye kamar ɗan rakiya, ya soka, ya tsaya ya yi numfashi, ya durƙusa ya kwashe ƙasar da gwangwani. In ya riƙe ƙusa da hagu ta zame ta faɗi cikin ciyawa, sai ya laluba ya ɗauko, ya sake. Babban yatsansa ya yi baƙi ƙirin saboda dukan guduma. Na ce, "Malam, wannan ai kashe kai ne." Ya ce, "Innar yara, zuba mini ruwa, ki bar wa'azi."

Amma fa ya dawo mutum. Yana cin abinci har ya nemi ƙari, yana kwanciya ya yi barci mai nauyi, har tsokanata ya koma yi, wai na tsufa na bar shi da ƙuruciya. Na ce ƙuruciyar da ke jan ƙafa ko. Ya yi dariya har da tari. Sai zuciyata ta rabu biyu, ina son ya zauna a gida, ina kuma ganin abin da zaman gidan yake yi masa. Shingen yana ta tashi, ɓarin gaba da nake iya gani daga gindin bishiya ya miƙe sambal, ko ni da ba gwana ba na san aiki ne na ƙwarai. Ɓarin baya yana gangare, bayan rumfar tumaki, ban taɓa sauka can ba saboda gwiwata.

Ana gobe dubawa Dogo ya same ni a kicin. Ya daɗe a tsaye yana wasa da makullin mota, sannan ya ce, "Inna, in na ga abin da bai yi ba fa?" Na ce, "Sai ka faɗa, ba haka ya koya maka ba?" Ya ce, "Faɗar da sauƙi a bakinki." Na ce to in ba zai iya ba ya nemo wani ya duba. Ya ce Baba ba zai yarda da kowa ba sai shi, kuma shi ma ba zai bari wani ya tsaya gaban ubansa ya faɗi irin wannan magana ba. Ya fita ko ruwa bai sha ba.

Da hantsi muka tafi mu uku a gaban akori-kura, ina tsakiya. Malam ya sa wankakkiyar rigarsa, kayan aikinsa ya sa an zuba a baya, wai in an gama sai su wuce wurin ma'aikata kai tsaye. Hanyar mota ta bayan filin take zagayowa, ba kamar hanyar ƙafa da na saba bi ba, don haka ɓarin baya muka fara gani, yana ƙyalli a rana. Na ji Dogo ya ɗan taka birki ba dalili, sannan ya saki. Malam ya leƙa ta taga ya ce, "Ka ga layi ko? Da zare na ja shi, ko ɗan yatsa bai kauce ba." Dogo ya ce, "Na gani, Baba." Na dubi fuskarsa, na ga ya kafe ido a kan hanya, muƙamuƙinsa yana motsi. Ni dai shinge kawai na gani.

Mai Tumaki tana jiranmu a bakin ƙofa, ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Tumakin suna can ɗaure a gida, ta ce ba za ta kawo su ba sai an ce mata ya yi. Aka gaisa, Malam ya ce a fara. Dogo a gaba, uban a bayansa, ni da matar muna biye a hankali.

Dogo ya kama dirkar kusurwar farko da hannu biyu ya girgiza da dukkan ƙarfinsa, ƙato ne kuwa, amma ko motsi ba ta yi ba. Ya taka matokarin, ya hau kai da nauyinsa. Ya ce, "Kusurwa ta zauna." Malam ya ce, "Har ƙuguna ramin ya kai." Dogo ya bi sanduna yana sa farce tsakanin ƙusa da waya, ko'ina akwai sararin da ake so. Ya danna wayar da tafin hannu ta lotsa ta dawo, ya duba 'yar lanƙwasar nan, tana nan ba a ja ta ta mutu ba. Ya duba ɗaurin da aka yi a jikin dirka, layi bayan layi, duk an naɗe an murɗe. Yana yi yana faɗa da ƙarfi don matar ta ji, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Malam yana tafe yana jan ƙafa, amma ƙirji a buɗe, yana ta bayani ba a tambaye shi ba, yadda ya yi da saiwar bishiya, yadda ya kauce wa dutse. Rabon da in ji muryarsa haka tun kafin ciwon. Wallahi a lokacin na fara cewa a raina, to Allah ya sa ya yi ɗin.

Da muka sha kwanar da ke gangarawa ɓarin baya sai tafiyar Dogo ta canza. Ya koma tsakanin uban da shingen, ya ƙara sauri, yana ta zancen ƙofa, wai bari su je su ga yadda aka rataye ta. Malam ya tsaya. Ya ce, "Ina kake sauri? Haka ake dubawa? Ƙasa fa, ka duba ƙasa?" Dogo ya ce, "Na duba da ido, Baba." Malam ya ce, "Da ido. Zo nan in nuna maka abin da ya fi ba ni wahala a duk aikin nan."

Wani ɗan kwari ne da ruwa ya zaizaye, inda shinge yakan bar rata a ƙasa dabba ta kutsa. Malam ya cike shi da duwatsu ya daddale, ya sa gajeriyar dirka ya janyo wayar ta kwanta a kai. Abin alfaharinsa ke nan. Ya dafa sanda ya durƙusa da ƙyar, Dogo ya miƙa hannu zai taimaka ya ture. Ya ɗora hannun damansa a kan layin ƙasa yana shafawa yana cewa, "Ka ga, ko ɓera sai ya nemi izini." Sai hannun ya zarce ta cikin idon ragar, har gwiwar hannu.

Ya tsaya a haka, hannu a waje. Ya zaro shi a hankali, ya sake turawa ta idon da ke kusa, ya wuce ba abin da ya tare shi. Sannan ya ɗaga kai ya bi wayar da kallo har sama, ya miƙa hannu ya taɓa layin sama, inda yatsunsa uku da ƙyar suka shiga. A nan ni ma na gane. Ƙananan idanun da ake sa wa a ƙasa don su tare 'yan raguna da karnuka, suna sama suna tare iska. Manyan suna ƙasa, kowanne ɗan rago zai wuce ta ciki a guje. Naɗi na biyun da ya faro daga kusurwar baya, a kife ya ɗaga shi, ya ja shi, ya buga masa ƙusa sanda bayan sanda, tun daga wannan kusurwa har waccan. Kuskure ne da ko wanda ya fara aiki jiya ba ya yi, shi ya sa ko a cikin karatunsa na wajen cin abinci ban taɓa jin ya ambace shi ba.

Can Malam ya ce wa Dogo, bai waiwayo ba, "Tun yaushe ka gani?"

Dogo ya ce, "Tun daga mota, Baba."

"Shi ne ka bar ni ina ta zuba."

Dogo ya sunkuyar da kai, uban ya sake jefo masa tambaya.

"Da me za ka ce mata?"

"Da na ce ya yi. In ya so in dawo da mutanena mu juya shi kafin ta kawo tumakin, ba wanda zai sani."

"Ni kuma gobe in hau mota in je in kafa wa wani nasa a kife."

Mai Tumaki, baiwar Allah, ta matso tana gyara mayafi. Ta ce, "Malam, ni fa ban ga wani abu ba. Shinge ya yi kyau, a bar shi haka, ai ka yi ƙoƙari." Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma da ta sani da ba ta ce ya yi ƙoƙari ba, don na ga yadda kalmar ta shige shi. Ya kama sanda ya miƙe da kansa, ya karkaɗe gwiwa. Ya ce, "Hajiya, ba ni za ki saurara ba, ga mai dubawa nan." Ya juya ga Dogo ya ce, "Gaya mata."

Dogo ya ce, "Baba, ai ta ji."

"Ba ta ji daga bakinka ba. Gaya mata yadda ake faɗa."

Na haifi yaron nan, na ga kukansa iri-iri, amma ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Mutum da iyalinsa, da ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya tsaya gaban tsohuwa kamar ƙaramin yaro. Ya cire hula ya mayar. Sannan ya ce, "Kusurwa ta yi. Ja ya yi, ƙusa ta yi, ƙofa ban duba ba tukuna. Ɓarin baya a kife yake, ɗan rago zai fita, kare zai shiga. Kada ki kawo tumaki." Ya tsaya. Uban yana kallonsa yana jira. Ya ce, "Shinge bai yi ba." Yana faɗin haka ya juya mana baya.

Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Ya ba matar haƙuri a kan jinkirin da ya ja mata, ya ce Dogo zai turo mutane su juya wayar, sandunan da kusurwa ba sai an taɓa su ba. Ita kuma sai share ido take yi tana cewa ba komai, ba komai. Muka hau gangaren nan muka dawo, ya ƙi yarda kowa ya riƙe shi.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Sai Dogo ya ce, "Baba, ba sai ka riƙe dagi ba. Ka riƙa binmu kana duba mana aiki, dama abin da aka fi saninka da shi ke nan. Ni ma sai in huta." Na ce a raina madalla, ga mafita. Malam yana kallon waje ya ce, "Kwana da kwanaki ina tsaye gaban wayar nan ina buga mata ƙusa. Yau ma na kalle ta daga nan inda nake zaune na ce maka ka ga layi. Wanda bai ga wannan ba, aikin wa zai duba?" Dogo ya buɗe baki zai yi magana, na taɓa gwiwarsa ya bari. Da muka iso gida Dogo ya zagaya baya zai sauke kayan aiki, uban ya ce ya bar su a ciki ya wuce da su. Bai ko waiwaya ya kalle su ba, ya shige.

Ya cika alkawari, bai ƙara tayar da maganar ba har ƙarshen ransa, kuma ya yi shekaru bayan nan. Masu gona sun ci gaba da sallama a ƙofar gida suna neman ya je ya duba musu, yakan fita su gaisa ya kwatanta musu inda za su sami Dogo. Na samu abin da nake so, mijina yana gida, ina ganinsa safe da yamma, ba wanda ya sake shigo mini da shi a kwance. Amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne washegarin ranar.

Ya tashi a lokacin da ya saba tashi duk tsawon zamanmu. Ina kwance ina jinsa, ya yi wanka, ya sa wandon aiki da rigar aiki, ya jawo takalmansa masu nauyi daga ƙarƙashin gado. Ya sa na dama ya ɗaure. Ya sa na hagu, yana ta fama da igiyar da hannun nan nasa, har ya samu ta ɗauru. Sai ya zauna a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon ƙofa. Ya daɗe a haka, ni kuma na yi kamar barci nake. Can na ji yana kwance igiyar, ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su ya tura ƙarƙashin gado.

Ya ce, "Innar yara, na san idonki biyu. Ina kika ajiye mini silifas?"